Ni Na Ce Masa Ya Shiga Ruwa

Shekarun baya, lokacin da nake ganin ɗaura karabat a wuya cikin zafin Yamai alama ce ta ilimi, ina aiki a wani ofishin gwamnati, ɓangaren kwamfuta. Aikina bai wuce gyaran na'urar buga takarda da tuna wa manya lambobin sirrin da suka manta ba. Sai wata safiya darakta ya kira ni, ya ce an sa sunana cikin kwamitin da zai zaɓi kamfanin da za a ba wata kwangila. Na fito daga ofishinsa ina gaishe da mutane da kai kawai, hannu ya yi mini nauyi.

Kwangilar ta munduwar ƙafa ce, irin wadda ake ɗaura wa mai laifi a idon sawu a sake shi ya koma gida, na'ura tana nuna duk inda ya taka. In ya wuce iyakar da aka yanka masa, ko ya taɓa munduwar da nufin cirewa, sai ta sanar da ofis a zo a ɗauke shi. Gwaji za a fara yi da mutane kaɗan, masu ƙananan laifi waɗanda wa'adinsu ya kusa cika. Har yau ban ce tunanin ba shi da kyau ba. Duk wanda ya taɓa kai tuwo gidan kaso ya ga yadda mutane ke kwana kan juna ba zai ƙi a rage su ba.

A wani otel na Gaweye muka yi zaman, ɗaki mai sanyi, taga tana kallon kogi. Kamfani uku suka zo, amma tun ranar farko ko makaho ya san inda abin zai faɗi, don wakilin ɗaya daga cikinsu “yaya” yake ce wa darakta, kuma shi kaɗai ya san yawan sukarin da yake sha a shayi. Ya nuna mana hotuna, ya juya munduwar a hannu, ya jero Faransanci mai santsi, muna ta gyaɗa kai.

Mutum ɗaya ne ya ɓata wannan lissafi, wani tsohon mai gadin gidan kaso da aka sa a kwamitin don cika kujera. A rana ta uku ya ɗaga hannu ya yi magana da Hausa.

“Ni dai tambayata guda ce. Mutanen da za ku ɗaura wa wannan abu alwala suke yi sau biyar. Cikinsu akwai masunta, akwai masu wanki a bakin gada. Ruwa fa?”

Wakilin ya yi murmushi ya ce ruwa ba ya yi mata komai, a rubuce yake. Tsohon ya ce shi bai iya karanta abin da ke rubuce ba, amma ya iya ganin abin da aka tsoma a bokiti. Aka yi dariya. Darakta ya nuna ni da alƙalami ya ce ai don irin wannan ne aka kawo masani, za a ɗaura mini ita kwana uku in rubuta rahoto. Masani. Wallahi kalmar nan ta yi mini daɗi har cikin ƙashi.

Aka ɗaura mini. Ta gwajin tana da ɗan maɓalli da ake buɗewa, ba kamar ta gaske ba da ake ɗaurewa dindindin. Wakilin yana ɗaura mini yana cewa in yi hattara, wannan ƴar abar ta fi babur ɗina tsada.

Da na koma gida, unguwar Lazaret, mahaifiyata ta dubi ƙafata ta ajiye faifan da ke hannunta.

“Wannan marin fa? Me ka sata?”

Na ce mata aikin gwamnati ne, gwaji nake yi. Ta ce to Allah ya sa iyakarsa ke nan, amma kar in fita waje da gajeren wando in ja mata magana a unguwa.

Ga inda na yi abin kunyar. Tun azahar ta ranar farko, na tsuguna a bakin famfo na kai ga wankin ƙafa, sai maganar babur ta faɗo mini. Kayan gwamnati, a ƙafata, in ta lalace wa zai biya? Na buɗe maɓallin, na ɗora ta kan taga, na gama alwalata, na goge ƙafa tas, na mayar. Haka na yi la'asar, haka magariba. Wanka ma a kan taga take jira na. Kwana uku cur, ko ɗigon ruwa bai taɓa munduwar nan ba, sai gumi. Kuma a lokacin ban ga kaina maƙaryaci ba, gani nake ni ma'aikaci ne mai kula da amana.

Na zauna na rubuta cewa an gwada ta kwana uku cikin yanayin rayuwa ta yau da kullum, ba a ga wata matsala ba. Na sa hannu, irin sa hannun nan mai doguwar jela da na koya tun ina lakkol, wato makarantar boko. Kamfanin “yaya” ya samu kwangila.

Mahaifiyata shinkafa take sayarwa a kasuwar Lazaret, kuma tun ina ƙarami wani dattijo Bazabarme daga Saga, can bakin kogi a gefen gari, ke kawo mata ta gonarsa. Baba muke ce masa. Mutum ne mai ƙarancin magana, amma zuciyarsa a kusa take. Wata rana gardama ta haɗa shi da maƙwabcin gonarsa kan wa ke da layin buɗe ruwa daga kanal, magudanar da ke shayar da gonakin, ya ɗaga ƙotar fartanya ya karya wa mutumin hannu. Bai yi musu a gaban alƙali ba. Aka ɗaure shi shekara guda.

Gonakin shinkafar can ba kamar gonar gado suke ba. Ƙungiyar manoma ce ke raba su, ita ke jawo ruwa, kuma masu jiran a ba su suna da yawa. Wanda ya bar tasa ba dashe, ana yi masa uzuri sau ɗaya, a na biyu a ba wani. Baba ya riga ya cinye uzurinsa na farko yana kaso. Ƴaƴansa maza biyu sun tafi Kwatano neman kuɗi, matarsa ga ciwon baya. Dashe na biyu yana ƙaratowa, shi kuma saura wata biyar ya fito. Gonar nan ita ce abincinsu, ba su da wata.

Da mahaifiyata ta fahimci abin da marin nan nawa yake nufi, sai ta tsare ni bayan sallar asuba.

“Kai da ka ce kana cikin manya, ga ranar amfaninka ta zo. Ka sa baki a ɗaura wa bawan Allahn nan, ya fito ya dasa gonarsa.”

Na sa baki. Ba wuya aka sha ba, don dattijo ne, kuma ba a taɓa kuka da shi a ciki ba. Ranar da za a ɗaura masa, ni da kaina na je. Ya rame, gemunsa ya ƙara fari. Ya miƙa ƙafa, ƙafar manomi mai faso, aka ɗaure munduwar, aka karanta masa sharuɗɗa. Iyakarsa gida, gona, masallaci. Ya saurara har aka gama, sannan ya juyo wajena, don ni kaɗai ya sani a ɗakin.

“Ɗana, ni aikina cikin ruwa yake, tun safe har la'asar. In shiga da wannan?”

Na ce, “Shiga, Baba, kar ka ji komai. Ni na gwada ta da ƙafata.”

Ya ce to, tunda kai ka faɗa.

Kwana huɗu ya yi yana gyaran ƙasa, taɓo har gwiwa, yana daidaita ta kafin dashe, ya kuma yafa iri a gefe. A na biyar munduwar ta yi shiru. Ita kuwa na'urar ofis ba ta san shiru iri biyu ba, duk munduwar da ta daina magana, a wurinta an fasa ta ne. Kafin azahar jandarmomi sun isa Saga. A tsakiyar gona suka same shi, inda takarda ta ce ya kasance, yana aikin da aka sake shi don ya yi. Suka fito da shi gaban maƙwabta, taɓo na zuba a jikinsa, suka sa shi bayan mota.

Washegari da sassafe matarsa ta iso gidanmu. Ba ta yi kuka ba, ta zauna bakin tabarma ta ƙi shan ruwan da aka kawo mata. Hausarta ba ta da yawa, amma abin da ta faɗa ya ishe ni.

“Sun ce ya ɓata kayan gwamnati. Sun ce za a ƙara masa. Shi bai taɓa ba. Ruwa kawai.”

Mahaifiyata ba ta dube ta ba, ni ta duba. Ita ce ke share tagar nan, ta ga inda munduwar ke kwana duk lokacin da na ɗauki buta.

Na ce wa matar ta kwantar da hankalinta, kuskure ne, kwana biyu ya yi yawa zai dawo ya dasa gonarsa da hannunsa. Kun ji ni kuma. Ban gama biyan maganar farko ba na sake zuba wata.

A ofis na nemo ɗan littafin da ya zo cikin kwalin munduwar. Da Ingilishi yake, mu kuwa duk ƴan lakkol ɗin Faransanci ne, shi ya sa tun zuwansa ba wanda ya buɗe. Na kai wa wani abokina da ya yi karatu a Najeriya. Bai yi minti biyar ba ya sa yatsa kan layin. Tana jure yayyafi da fantsamar ruwa, amma kada a bar ta nutse cikin ruwa, kada laka ta shige ta. A rubuce yake kam, kamar yadda wakilin ya ce, sai dai rabin layin ya karanto mana.

Na ɗauki bokitin mai share ofis, na cika shi a famfo, na ɗauko ɗaya daga cikin munduwoyin da ke ajiye, na shiga wurin darakta ban ko ƙwanƙwasa ba. Na tsoma ta a gabansa na ce mu jira. Ya ci gaba da sa hannu a takardunsa kamar ba ni a wurin. Kafin a kira azahar, ƴar fitilarta ta mutu.

Ya cire tabarau ya leƙa bokitin, sannan ya ce, “Yanzu ka lalata kayan gwamnati a gabana.”

Na ce, “Yallaɓai darakta, mutum yana kaso kan abin da bai yi ba.”

“Wa ya gwada ta?”

Na dubi bokitin.

“Na ce wa ya gwada ta? Sa hannun wa ke kan rahoton? Ni ban san kwamfuta ba, masani aka ba ni, masani ya ce lafiya lau. In ka rubuta cewa abin ba shi da kyau, ka rubuta cewa kwamiti duka ya yi kuskure, kuma kai ne ƙofar kuskuren. Ka yi tunanin aikinka. Mutumin nan dai da ma ɗan kaso ne, ina ce wata biyar ya rage masa? Ba kashe shi za a yi ba.”

Wannan “da ma ɗan kaso ne” ita ce har gobe ke tafasa mini jini. Wato tunda ya taɓa laifi, duk abin da aka ɗora masa daga baya kyauta ne. Mutum ya amsa laifinsa, ya zauna abin da aka yanka masa, an sake shi da sharaɗi ya cika sharaɗin, amma kunyar mutum bakwai masu karabat ta fi ƴancinsa nauyi. Na kira wakilin kamfanin a waya, shi kuma ya ce mini cikin ladabi wai mai ɗaurawar ne bai iya amfani da ita ba. Na tambaye shi yaya ake iya amfani da abin da aka ɗaure maka a ƙafa ba ka da mabuɗinsa. Ya ce yana cikin taro, zai kira ni. Bai kira ba.

Zan so in ce muku nan take na zauna na rubuta gaskiya. Ƙarya ne. Kwana uku na yi ina juya maganar, ina tunanin albashi, ina tunanin auren da nake shiri. Mahaifiyata ba ta yi mini faɗa ba, ta dai daina zama in na zo cin abinci. A rana ta huɗu na rubuta wasiƙa, na faɗi abin da na yi da taga da buta, na haɗa da fassarar layin nan, na roƙi a sanar da alƙali cewa dattijon bai taɓa munduwar ba.

Daga nan na san abin da ake kira tafiyar dosiye, wato yawon takarda daga ofis zuwa ofis. Wasiƙar ba ta fita sai darakta ya sa hannu, darakta ya tafi taro Dosso. Ya dawo, ya ce a gyara sakin layi na biyu, ya yi zafi. Na gyara. Aka kai ofishi na gaba, mai hatimi matarsa ta haihu. Ya dawo, aka ce sai an ji ta bakin kamfani, kamfani ya nemi sati biyu don injiniyansa ya duba. Takardar kama Baba ba ta yi rabin yini ba ta isa Saga. Ta wanke shi kuwa, tsakanin benaye biyu na gini ɗaya, sati bakwai ta yi.

Duk wannan lokaci matarsa tana aiko tambaya, ni kuma ina cewa gobe, jibi, an kusa. Ta yarda da ni, ta jira. Irin da ya yafa ya girma a makwancinsa har ya wuce dashe, maƙwabta suka gama nasu, gonakin suka yi kore, tasa kaɗai ta rage taɓo a tsakiya. Ranar da mahaifiyata ta je Saga ta gani da idonta, ta dawo ta same ni a tsakar gida.

“Da ka buɗe baki ka ce ba ka sani ba, da tuni na nemi ƴan ƙwadago sun dasa masa. Mene ne wuya a cikin ‘ban sani ba’? Kullum kai ka sani.”

Ban taɓa jin magana ta shige ni kamar wannan ba.

Da wasiƙar ta isa, alƙali ya soke sabon laifin. Amma kafin nan wasu munduwoyin ma sun mutu a ƙafar wani masunci da wani mai wankin mota, sai aka dakatar da gwajin gaba ɗaya, wai saboda dalilai na fasaha. Tunda babu munduwa, babu hanyar sakin Baba. Ya ƙarasa wa'adinsa a ciki. Ƙungiyar manoma ta bi ƙa'idarta ta ba wani gonar, kuma ban ga laifinsu ba, sun yi uzuri sau ɗaya kamar yadda suka ce.

Ni an ba ni takardar gargaɗi, saboda munduwar da na tsoma a bokiti. Rahoton ƙaryar da na rubuta ba wanda ya taɓa tambaya ta a kansa, don in an taɓa shi sai an taɓa kowa. Darakta ya samu ƙarin girma bayan shekara biyu. Wakilin nan na gan shi kwanan baya yana fitowa daga wani ofishi da jakarsa, ya ƙara ƙiba, har ya ɗago mini hannu.

Na bar aikin daga baya, yanzu shagon gyaran waya nake da shi. Ban zama waliyyi ba, amma abu ɗaya ya canja. In ka kawo mini waya ka ce za ta gyaru, kuma ban buɗe ta ba, zan ce maka ban sani ba, ko da za ka ɗauka ka kai wa na kusa da ni. Kuma duk lokacin da na ji an ce gwamnati za ta sayo wata na'ura don talakawa, abin da nake so in sani shi ne wa aka ba ya gwada, kuma ko ya taɓa yin rayuwar wanda za a ɗaura wa. Haushin da nake ji bai ragu ba. Ina jin na darakta, ina jin na kamfani, amma in na gama zagayawa kaina nake dawowa, don su ba su san Baba ba, ni na san shi.

Sai da na yi wata shida bayan fitowarsa kafin na iya zuwa Saga. Lokacin dashe ne. Na tambaya aka nuna mini, ashe yana gonar tasa ta da, wanda aka ba ya ɗauke shi aikin yini tare da wasu mutum uku. Na tsaya a gaɓar kanal na yi sallama. Ya ɗago, ya gane ni, ya taho a hankali da damin iri a hannu. Ya tambayi mahaifiyata, ya tambayi kasuwa. Na fara abin da na zo faɗa, na ce Baba, ni ban tsoma ta a ruwa ba, ƙarya na yi maka.

Ya ce ya sani, an gaya masa tun yana ciki. Ya ce ya wuce. Na buɗe baki zan ci gaba, sai na ga yana waiwayen bayansa.

“Ɗana, ka yi haƙuri, ka tafi haka nan. Kar mai gona ya ga ina hira.”